Yadda ake yin istihara idan mutum ya rasa hanyar da zai bi

A Kaduna, idan maganar aure ta taso, ko aka yi wa magidanci tayin aiki a Abuja alhali iyalinsa na Rigasa, ko ɗan kasuwa ya fara tunanin barin rumfarsa ta Kasuwar Bacci ya kama shago a Kasuwar Sheikh Gumi, abin da za ka fara ji a bakin dangi shi ne: "A kai wa malam ya yi istihara." Sai a rubuta sunan mutum da na mahaifiyarsa a 'yar takarda, a haɗa da abin sadaka, a koma gida ana jiran abin da malam zai gani cikin barci. Da yawanmu mun tashi mun tarar da hakan, har muna zaton ita ce istiharar da addini ya koyar. Wadda Manzon Allah (SAW) ya koya wa sahabbansa, wato neman zaɓin Allah ta hanyar salla da addu'a, daban take. Mai buƙata ne ke yin ta da kansa, ba a biyan ko sisi, kuma duk wanda ya iya sallar asuba ya iya ta.

Imamu Bukhari ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi cewa Manzon Allah yana koya musu istihara a cikin dukkan al'amura kamar yadda yake koya musu sura daga Alƙur'ani. Ya ce idan ɗayanku ya himmatu ga wani al'amari, ya yi raka'a biyu waɗanda ba na farilla ba, sannan ya karanta addu'ar da za ta zo a ƙasa. Abin da aka koyar kamar sura, ai an so ne kowa ya riƙe shi a ka, mace da namiji, mai ilmi da wanda bai yi nisa ba.

Da farko, wane irin al'amari ne a gabanka?

Ba a istihara a kan abin da Allah ya riga ya yanke hukuncinsa. Ba ka tambayar ko ka ciyar da iyayenka, ko ka karɓi bashin ruwa, ko ka sa hannu a takardar da ka san ƙarya ce. Wurinta shi ne halal ɗin da ba ka san ƙarshensa ba: aure, tafiya, sauya aiki, haɗa jari da wani, sayen gida, zaɓen makarantar yaro, komawa gidan miji bayan yaji. Haka kuma aikin alherin da ake da zaɓi a lokacinsa ko hanyarsa. Wanda ya samu kuɗin Umara ba zai yi istihara a kan ko Umara alheri ce ba, amma zai iya yi a kan tafiya bana, ko ta hannun wane.

Bincike da shawara

A nan mutane suka fi yin sakaci, kuma a nan ake samun mafi yawan nadama. Allah ya ce wa Annabinsa a Suratu Ali Imrana, aya ta 159, ya shawarci mutanensa a cikin al'amari, idan kuma ya ƙudura niyya ya dogara ga Allah. Wanda wahayi ke sauko masa ke nan. Malamai sun yi saɓani a kan wanne ake gabatarwa, shawara ko istihara. Imamu Nawawi na cikin masu ganin a fara da shawara, kuma a ganina hakan ya fi dacewa da halinmu, domin sau da yawa idan ka yi bincike na gaskiya za ka tarar al'amarin bai ma cancanci ka kai shi kan darduma ba.

Ɗauki sayen fili. Dillali ya kai ka bayan Rigachikun ko wajen Millennium City da rani, ƙasa a bushe, ya nuna maka turaku huɗu. Kafin komai, ka je wurin mai unguwa, ka tambayi maƙwabtan filin su waye suka san shi da shi, ka duba matsayin takardunsa a KADGIS, hukumar kula da filaye ta Jihar Kaduna. Idan wurin na kusa da Kogin Kaduna ko wani rafi, ka tambayi inda ruwa ke kaiwa a watan Agusta da Satumba, ka dubi gindin katangun gidajen da ke kusa, domin ruwa yakan bar shaidarsa a jikin bulo. Wanda ya tsallake wannan duka ya ce ai ya yi istihara, ya ɗora wa addu'a aikin da Allah ya ba shi ƙafa da baki ya yi.

Aure ya fi fili nauyi. A cikin Sahihu Muslim, Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta zo ta gaya wa Manzon Allah cewa Mu'awiya da Abu Jahmi sun nemi aurenta. Bai ɓoye mata komai ba. Ya ce Mu'awiya ba shi da dukiya, Abu Jahmi kuwa ba ya sauke sandarsa daga kafaɗa, wato mai dukan mata ne, sannan ya nuna mata Usama ɗan Zaidu. Daga nan malamai suka fahimci cewa faɗin aibin mai neman aure ga wanda ya zo neman shawara ba gulma ba ce. Don haka a yi tambaya a unguwar da yaro ya tashi, ba wurin abokansa kaɗai ba. A tambayi limamin masallacin layinsu ko ana ganinsa da asuba, a tambayi mai shagon bakin layi yadda yake da biyan bashi, a duba yadda yake yi wa mahaifiyarsa magana. Kuma a yi gwajin jini na sikila tun kafin zuciya ta yi nisa. Idan namiji AS ne mace ma AS, kowane ciki da za ta ɗauka akwai yiwuwar kashi 25 cikin 100 a haifi yaro mai sikila. Wanda ya taɓa kwana a asibiti da yaron da ciwon ƙashi ya tasar wa ba zai ɗauki wannan gwaji da wasa ba. Istihara ba ta canza sakamakon gwaji, kuma ba a yi ta don ta maye gurbinsa ba.

Wa za ka shawarta? Mutum mai tsoron Allah, wanda ya san harkar, wanda kuma ba shi da abin samu ko rasawa a zaɓinka. Biyu ko uku sun isa. Wanda ya baza maganarsa a majalisa zai tashi da ra'ayi goma, ga sirrinsa ya fita.

Ka tsayar da abu ɗaya

Addu'ar tana cewa "wannan al'amari", wato abu ɗaya sananne. Idan hanya biyu ce a gabanka, ka ɗauki wadda bincike da shawara suka fi karkata gare ta, ka yi istihara a kanta. Idan sun yi kunnen doki, ka yi wa kowace tata sallar daban. Budurwar da masu nema biyu suka fito mata, haka za ta yi.

Sai kuma abu mai wuya: ka yi ƙoƙarin sassauta riƙon da zuciyarka ta yi wa abin. So hana ganin laifi, kuma wanda ya riga ya yanke hukunci a ransa yakan shiga sallar yana neman Allah ya sa masa hannu ne kawai. Ba a ce sai ka daina son abin ba, wannan ba a hannunka yake ba. Abin da ake nema shi ne ka tsaya da gaskiyar cewa idan aka hana ka za ka haƙura.

Sallar kanta

Ka yi alwala kamar ta kowace salla, ka fuskanci alƙibla, ka ƙulla niyyar istihara a zuciya kafin kabbara. Raka'a biyu ne irin na nafila, babu ƙarin ruku'u ko sujada. Bayan Fatiha ka karanta abin da ya sauwaƙa. Wasu malamai sun so a karanta Ƙul ya ayyuhal kafiruna a ta farko da Ƙul huwallahu a ta biyu, amma hadisin bai ayyana sura ba, saboda haka wanda ya karanta wata bai yi laifi ba.

Ba ta da keɓantaccen lokaci, dare ko rana. A guji dai lokutan da aka hana nafila, kamar bayan sallar asuba har rana ta ɗaga, da bayan la'asar har ta faɗi. Wanda ya samu tashi a sulusin dare na ƙarshe ya dace da lokacin amsa addu'a, ga gari ya yi tsit, ba kukan janareta ba hayaniyar yara. Amma ma'aikacin da ya samu hutun azahar ya shiga masallacin ofis ya yi ta, tasa ta yi. Ba sharaɗi ba ne a yi ta dab da kwanciya, ba kuma sharaɗi ba ne a yi shiru bayanta, ko a kwanta da farin kaya. Waɗannan ƙare-ƙare ne da suka samo asali daga zaton cewa mafarki ake jira.

Farilla ba ta tsayawa a madadinta, hadisin ya faɗi haka ƙarara. Nafilar da ka saba yi kuwa, kamar gaisuwar masallaci ko raka'a biyun bayan magariba, malamai da dama sun ce ta wadatar idan ka haɗa niyyar tun kafin ka fara.

Addu'ar

Mafi yawan malamai sun ce bayan sallama ake yin ta. Ibnu Taimiyya ya fi son a yi kafin sallama, bayan tahiya. Duk wanda ka bi ya yi. Ka fara da yabon Allah da salati ga Annabi, sannan ka ce:

*Allahumma inni astakhiruka bi ilmika, wa astaƙdiruka bi ƙudratika, wa as'aluka min fadlikal azim. Fa innaka taƙdiru wa la aƙdiru, wa ta'alamu wa la a'alamu, wa anta allamul guyub. Allahumma in kunta ta'alamu anna hazal amra khairun li fi dini wa ma'ashi wa aƙibati amri, faƙdurhu li wa yassirhu li summa barik li fihi. Wa in kunta ta'alamu anna hazal amra sharrun li fi dini wa ma'ashi wa aƙibati amri, fasrifhu anni wasrifni anhu, waƙdur liyal khaira haisu kana summa ardini bihi.*

Ma'anarta: Ya Allah, ina neman zaɓinka da iliminka, ina neman ka ba ni iko da ikonka, ina roƙonka daga falalarka mai girma. Kai kake da iko ni ba ni da shi, kai ka sani ni ban sani ba, kai ne masanin gaibu. Ya Allah, idan ka san wannan al'amari alheri ne gare ni a addinina da rayuwata da ƙarshen al'amarina, ka ƙaddara mini shi, ka sauƙaƙe mini shi, sannan ka sa mini albarka a cikinsa. Idan kuma ka san sharri ne gare ni a addinina da rayuwata da ƙarshen al'amarina, ka kawar da shi daga gare ni, ka kawar da ni daga gare shi, ka ƙaddara mini alheri duk inda yake, sannan ka sa in yarda da shi.

Idan ka zo kan "hazal amra" sai ka ambaci buƙatarka da sunanta: aurena da wance 'yar wane, ko karɓar aikin nan na Abuja. Da Hausa ma ya yi. Rubutun boko ba ya fitar da haruffan Larabci yadda suke, don haka ka samu wanda ya iya ya biya maka ita baki da baki. Tana cikin ɗan littafin nan Hisnul Muslim da ake sayarwa a ƙofar masallatai, har da mai fassarar Hausa. Wanda bai haddace ba ya karanta daga takarda ko daga waya bayan ya sallame, babu komai. Wanda ko hakan ya gagare shi ya faɗi ma'anarta da harshensa, ya ci gaba da koyo.

Kada ka yi gudu a cikinta. Dubi ma'aunin da aka ba ka: addini ne farko, sannan rayuwa, sannan ƙarshe. Aiki zai iya zuwa da albashi mai kauri ya tafi da sallar jam'inka da tarbiyyar 'ya'yanka, kai kuwa albashin kaɗai kake iya gani daga inda kake tsaye. Sannan ka dubi roƙon nan mai fuska biyu, a kawar da abin daga gare ka, a kuma kawar da kai daga gare shi. Mun san mutanen da aure bai yiwu ba, yarinya ta yi aurenta har ta haihu, shi kuwa zuciyarsa na can a ƙofar gidansu shekara da shekaru. An kawar masa da abin, shi ne bai kawu ba. Manzon Allah ya san wannan ciwo, shi ya sa ya koya mana roƙon a cire mana har da ƙwaɗayin. Ya kuma rufe da roƙon yarda, domin ana iya ba mutum alheri ya karɓa yana ƙunƙuni, bai taɓa jin daɗinsa ba.

Bayan ka shafa

Ka tashi ka ci gaba da al'amarin. Ka tura manya, ka kai takardun, ka kira mai shagon. Wannan ne matakin da ya fi rikita mutane, domin an saba da cewa sai an ga fari ko kore a mafarki sannan a motsa, idan an ga baƙi ko ja a fasa. Babu wannan a hadisin. Mafarkin gaskiya yana nan, ba a musunsa, amma Manzon Allah ya bayyana cewa wani mafarkin daga Shaiɗan yake, wani kuma zancen zuci ne kawai. Wanda ya wuni yana tunanin mace zai gan ta cikin barci ko ya yi istihara ko bai yi ba. Ba a rushe maganar aure ko a zuba jari a kan irin wannan.

Abin da ka roƙa shi za ka sa wa ido: ka ce idan alheri ne a sauƙaƙe, idan sharri ne a kawar. Wani lokaci sai ka ga ƙofofi na buɗewa, waliyyin da ake tsoro ya karɓi baƙi da fara'a, kuɗin da ake jira ya fito. Wani lokaci kuma wata gaskiya da aka ɓoye ta bayyana, ko mai fili ya ce ya fasa, ko kai da kanka ka ji abin ya fita daga ranka. Malamai da yawa sun ambaci natsuwar zuciya a matsayin abin lura, kuma gaskiya ne, sai dai a yi hattara: natsuwar da ake nufi ba ita ce zumuɗin da ka shiga sallar da shi ba. Haka nan ba kowace wahala ce alamar hani ba. Layi a ofis, ko kawu ya ce a dakata sai bayan salla, wannan halin rayuwa ne. Toshewar da ake nufi ita ce wadda ka bi ta halal iyakar ƙoƙarinka abin ya ƙi.

Idan har yanzu kana cikin ruɗu, ka maimaita. Muslim ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Zubairu, lokacin da yake shawarar rushe Ka'aba ya sake gina ta bayan gobarar da ta same ta, ya ce zai yi istihara sau uku sannan ya zartar. Hadisin da ke cewa a yi sau bakwai kuwa, malaman hadisi sun raunana shi. Babu adadin da aka wajabta. Amma kada maimaitawar ta zama mafakar mai tsoron yanke hukunci. Akwai wanda zai ajiye 'yar mutane wata da watanni yana cewa bai ga komai ba tukuna, wannan zalunci ne da aka lulluɓe da rigar ibada.

Wani zai ce ya yi istihara, ya shiga, kuma abin ya ƙare da hasara ko saki. Wannan na faruwa, kuma yana da zafi. Addu'ar ba ta yi alkawarin rayuwa marar jarrabawa ba. Ta roƙi alheri a ƙarshen al'amari, ƙarshen kuwa ya haɗa da lahira. Suratul Baƙara, aya ta 216, ta gaya mana muna iya ƙin abu alhali alheri ne gare mu, mu so abu alhali sharri ne, Allah ne ya sani mu ba mu sani ba. Kuma yin istihara kafin shiga ba ya ɗaure mutum ya zauna cikin cuta. Matar da ake dukanta ba za a ce mata ai kin yi istihara ba. Fita ma al'amari ne da ake wa shawara da istihara.

Ga 'yan'uwa mata, da batun kai suna wurin malam

Ke ma taki sallar ce, ba sai mahaifi ko miji ya yi miki ba. Lokacin da aka kai wa Zainabu 'yar Jahshi saƙon neman aure daga Manzon Allah kansa, ta ce ba za ta yi komai ba sai ta nemi zaɓin Ubangijinta, ta tashi ta nufi wurin sallarta. Wannan na cikin Sahihu Muslim. Idan kina cikin al'ada ko jinin biƙi kuma maganar ba za ta jira ba, ki karanta addu'ar kawai ba tare da salla ba. Idan za ta jira, ki bari sai kin yi wanka.

Idan iyaye sun matsa a ba da amsa, ba rashin kunya ba ne ki ce, "Baba, a yi mini haƙuri zuwa jibi, ina so in yi istihara." Uba mai hankali zai ji daɗin wannan magana. Shari'a ma ta ce ba a aurar da budurwa sai an nemi izininta. Idan kuma Inna ta dage sai an kai wa malam, ba sai an yi gardama ba. A ce, "To Inna, malam ya taya mu da addu'a, ni ma zan yi tawa." Neman addu'ar mutumin kirki halal ne, kuma addu'ar iyaye ta fi ta kowa. Inda aka ƙetare iyaka shi ne idan wanda aka je wurinsa ya nemi sunan uwa, ya zana ƙasa ko ya ja carbi yana ƙirga, sannan ya ce wannan mijin zai yi arziki, wancan gidan akwai mutuwa a ciki. Wannan duba ne, ko da an kira shi istihara, ko da mai yin sa na da rawani. Larabawan jahiliyya da kibau suke irin wannan neman sani, Suratul Ma'ida aya ta 3 ta haramta shi. Muslim kuma ya ruwaito cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta dare 40. Gidaje nawa aka hana auren mutumin kirki saboda wani ya ce taurarinsu ba su haɗu ba?

Saura yanayin gaggawa. Kana tsaye a kasuwar Panteka ko a wurin masu sayar da motoci, dillali na cewa akwai wani mai saye a hanya, ga shi bayan la'asar ne ba damar nafila. Idan da gaske abin ba zai kai magariba ba, ka koma gefe ka karanta addu'ar ita kaɗai, malamai sun yarda da haka ga mai uzuri. Sai dai mafi yawan abin da ake ce maka yanzu-yanzu ne, yana iya kwana. Ka ce masa, "Alhaji, ka ba ni zuwa gobe da hantsi." Idan ya ƙi, ka bar masa kayansa. Idan ya yarda, ka samu daren da za ka kira wanda ya san harkar, ka yi raka'a biyunka, da safe ka koma da amsa.